Motar Miliyoyi, Batirinta Ɗaure da Robar Taya

Ruwan Agusta ya ɗauke ke nan, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, naƙuda ta zo wa matar ƙanena da gardama. Muna wani ƙauye ne a bayan Ribah. Ungozoma ta yi iya yinta, ta fito tana share gumi ta ce a nemi mota. Muka ce alhamdu lillahi, ai ga mota nan a ƙofar gida: wata farar Hilux ta wata ma'aikata, wadda ruwa ya tsare direbanta ya yada zango a garin. Mota ce mai ja da ƙafa huɗu, tayoyinta sababbi, jikinta ko ƙwarzane babu. Aka ɗauko baiwar Allah aka kwantar a kujerar baya. Direba ya murɗa makulli. Ƙas-ƙas-ƙas. Ya sake murɗawa. Ƙas. Fitilun gaban sitiyari suka yi ja kamar garwashin da toka ta fara rufewa, suka ɗauke.

Na haska tocila, aka ɗaga bonet. Har yau in na tuna abin da na gani sai raina ya ɓaci. Ƙarfen da ke danne batir babu shi, an ɗaure batirin da tsagin robar taya kamar dammen kara. Kan batir ɗaya ya yi furfura, wani gari fari da kore ya tsiro ya lulluɓe shi, ga ƙusa an cusa a gefe don wayar ta kama. Saman batirin kuwa laka ce da maiƙo. Na ce wa direban, "Malam, yaushe rabonka da duba ruwansa?" Ya ce, "Yallaɓai, ai irin wannan ba a duba shi." Alhali ga marufai shida a jere suna kallonsa. Da muka kwance ɗaya, farantan ciki a bushe suke ƙayau.

Muka ce a tura. Mu takwas muka dafa ta a cikin caɓi, ƙafafunmu na zamewa, motar ko gudun da za a saki kuloci ba ta samu ba. Ƙarshenta a kan babur aka ɗauki mai naƙuda, an sa ta tsakanin mutum biyu, cikin duhu, a hanyar da ko da rana tsaka mutum ba ya binta sai da addu'a a bakinsa. Allah ya kiyaye, ta sauka lafiya, yaron ma yanzu rarrafe yake yi. Ni dai ban huce ba.

Mu daina cewa "batir ya mutu" kamar ajali ne ya sauko masa daga sama. Yawancin baturan da ke cikin manyan motocin ƙasar Zuru kashe su ake yi, sannu a hankali, kuma masu kisan ba baƙi ba ne. Direba ne da ke ganin ɗaga bonet aikin yaron mota ne. Oga ne da ke ganin kuɗin gyara rabonsa ne. Mai wayarin ne da ya koyi sana'a rabi ya buɗe rumfa. Mai shago ne da ke wanke tsohon kaya ya sayar a matsayin sabo. Da ni, da kai mai karatu, da muke gani mu kawar da kai.

Mu mutane ne masu son ranar rabon motoci. A jera su a fili, a ɗaura musu kyalle, a kira 'yan jarida, a yi jawabi, a miƙa makullai, a tafa. Wannan ta sintiri ce, wannan ta asibiti, wannan ta masu rigakafi, wannan ta malaman gona. Kowace ɗaya ta ci miliyoyin da talakan garin Dabai bai taɓa gani a mafarki ba. Ka dawo bayan shekara biyu ka zaga harabobin ofisoshi, za ka tarar da wasunsu a gindin darbejiya, ƙura ta rufe gilashi, yara sun yi rubutu a jiki da yatsa, kaji na ƙwai a ƙarƙashi. Ka tambayi abin da ya same ta, a ce maka, "Ai batir ne." Injin lafiya lau, giya lafiya lau. Abin da ya fi komai araha a cikin bonet shi ya kwantar da ita. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

In da a Abuja ake wannan sakaci, da sai mu ce asarar kuɗi ce kawai, mutum ya tsayar da tasi ya wuce. Ƙasarmu ba haka take ba. Ƙananan hukumomi huɗu ne a masarautar nan, Zuru da Fakai da Danko/Wasagu da Sakaba, kuma da zarar ka sauka daga kwalta, ko ta wajen Mahuta, ko ta Dirin Daji, ko ka nausa Wasagu da Bena, to duwatsu ne da kwazazzabai da rafukan da ke cika su batse cikin sa'a guda. Don haka ake sayo mota mai ja da ƙafa huɗu tun farko. To amma ƙafafun nan huɗu ba sa juyawa sai injin ya tashi, injin kuwa ba ya tashi sai batir ya yarda. A kan kwalta ka iya tura ƙaramar mota ta tashi. A cikin taɓo, da mota mai nauyin tan biyu, sai dai ka tura zuciyarka. In kuma mai giyar otomatik ce, ko a kan kwaltar ma turi ba ya tayar da ita.

Sannan ga abin da kowa ya sani. A watan Yunin 2021 'yan bindiga sun kashe mutum sama da 80 a ƙauyukan Danko/Wasagu. A watan Maris na 2022 an yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, sama da 60 suka rasu. Ban ce batir ne ya jawo ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kada wani ya ɗora mini abin da ban faɗa ba. Abin da nake cewa shi ne, a ƙasar da ta ga irin wannan, motar da aka kira ta da tsakar dare ta ƙi tashi ba abin dariya ba ce. Motar da ta mutu a bakin daji bayan la'asar, mutanen cikinta sun san abin da ke zuciyarsu.

Abin haushin, batirin mota ba wani sihiri ba ne. Tun 1859 wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro shi, kuma har yau asalinsa bai sauya ba: farantan dalma a jiƙe cikin ruwan asid. Ɗakuna shida ne a ciki, kowane ɗaki yana ba da bolt biyu da ɗan ɗoriya, a haɗa su a samu bolt 12.6 in ya cika. Aikinsa na gaske na 'yan daƙiƙoƙi ne. Yana zuba wa kik wuta mai yawa a lokaci guda don ya juya injin, daga nan altaneta ta karɓi ragama ta mayar masa da abin da ya kashe. Injin gas, irin wanda ke cikin Hilux da Land Cruiser da yawa, ya fi na fetur taurin juyawa saboda matsin da ke cikinsa, ga hita da ke shan tata wutar kafin a tayar. Shi ya sa batirin da zai iya lallaɓa ƙaramar mota ba zai ko motsa wannan ba. Fiye da shekara 160 duniya na zaune da wannan abu, mu ne har yanzu ba mu san abin da yake so ba?

Babban maƙiyinsa a nan shi ne zafi. Masu ƙera batir suna auna ƙarkonsa a zafin digiri 25, kuma ƙa'idar da suka sani ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana raba tsawon ransa biyu. To ka tuna Zuru a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke dosar digiri 40 a inuwa, sannan ka ƙara da na injin da ya yini yana hawan dutse. Ruwan ciki yana ƙonewa, farantan suna cinyewa. Mutanenmu sukan ɗora laifin a kan hunturu, domin da sanyin asubar Disamba ne mota ke ƙin tashi. Hunturu ɗan aike ne kawai. Bazara ce ta yi kisan, shi ya zo da saƙon rasuwa. Wanda bai duba batirinsa a watan Afrilu ba, kada ya zo yana zagin ƙura a watan Janairu.

Nan ne kuma harshenmu da kansa ya yi mana tarko. Abu biyu muke kira "ruwan batir". Akwai asid, wanda in ya taɓa riga ya huda ta, in ya taɓa ido ya makantar. Akwai kuma tataccen ruwa, wanda aka tafasa aka tara tururinsa, babu gishiri ko ƙarfe a cikinsa. Abin da ke raguwa a batir ruwan ne, asid ɗin yana nan. Saboda haka tataccen ruwa kaɗai ake ƙarawa, a zuba har ya rufe farantan da kamar kaurin yatsa, a tsaya nan, kada a cika shi ya yi ambaliya. Amma je ka ce wa yaro ya sayo maka ruwan batir ka ga abin da zai kawo. Wani asid zai ɗura, ya ƙara wa ruwan kaifi, farantan su ci kansu. Wani kuwa, don kada ya kashe kuɗin da bai kai na kwanon tuwo ba, sai ya fasa ledar fiya wata ya tsiyaya, ko ya ɗebo na rijiya ko na burtsatse. Ruwan da ya ratso dutse yana ɗauke da ma'adinai, kuma su ne ke bin farantan su lalata su. Na taɓa ganin wanda ya ɗebi ruwan rafi da murfin kwalba ya zuba, yana cewa ai ruwa ruwa ne. Har da irin baturan da aka rufe ruf, waɗanda da gaske ba a ƙara musu ruwa, ba su tsira daga zafi ba, kuma ɗan idon nan mai launin kore da ke samansu ɗaki ɗaya kawai yake gani a cikin shida.

Sai girgiza. Farantan nan an shafe su da wani abu mai kama da ƙullu, shi ne ke riƙe wuta. Duk lokacin da batir ya yi tsalle ya dira, ƙullun nan yana zubewa ƙasan ɗaki, ya taru, wata rana ya haɗa faranti da faranti, ɗaki guda ya mutu, batir ya tashi daga aiki. Yanzu ka ƙiyasta batirin da aka ɗaure da roba, ko wanda ba a ɗaure ba sam, a kan gargadar hanyoyinmu, yana rawa daga safe har yamma. Ƙarfen da ke danne shi da notuna biyu, nawa ne kuɗinsu? Kowane mai walda a Zuru zai lanƙwasa maka shi kafin ka gama shan shayi. Kuma batirin da ke yawo a mazauninsa yana iya goga kansa a jikin ƙarfe, wuta ta tashi, a yi asarar motar baki ɗaya.

Kan batir kuwa, abin da ake yi masa a garin nan zalunci ne. Ya saki, maimakon a ɗaure shi da sufana sai a ɗauki dutse a ƙwanƙwasa. A cusa ƙusa, a cusa guntun gwangwani, a cusa tsinken waya. Kowane bugu yana tsaga gindin kan, asid ya riƙa tsatstsafowa, furfurar nan ta ƙaru, wuta ta kasa wucewa, a sake ɗauko dutse. Maganin furfurar yana cikin madafin kowane gida. A jiƙa 'yar kanwa a ruwan ɗumi, a cire wayar baƙin kai tukuna sannan ta jan kai, a wanke da tsohon buroshi, a kula kada ruwan kanwar ya shiga cikin ɗakunan, a goge ya bushe, a mayar da ta jan kai sannan ta baƙin, a ɗaure tam, a shafa ɗan basilin ko giris. A share saman batirin ma, domin laka mai danshi hanya ce da wuta ke bi tana zurarewa tsakanin kawunan biyu. Aikin minti goma ne.

Yanzu bari in zo kan manya, don kada a ce direba kaɗai na gani. Motar ofis takan yi mako uku, wata guda, a ajiye, wai babu mai, ko oga ya yi tafiya da makulli a aljihu. Batir ko ba a taɓa shi ba yana rage wuta da kansa, kuma a zafi ya fi saurin yi. Ga agogo da rediyo da na'urar tsaro suna tsotsa a ɓoye. In ya sauka ya daɗe a sauke, wani farin gishiri yana daskarewa a jikin farantan, kuma in ya yi tauri babu cajin da zai narkar da shi. Tayar da mota a bar ta tana ƙugi minti biyar a tsaye ba ya cika batirin da ya sauka. Ko dai a fita da ita ta yi tafiya ta rabin sa'a ko fiye a kowane mako, ko a cire wayar baƙin kai in an san za ta daɗe, ko a kai batirin caji. Wanne ne a cikin ukun nan yake bukatar sa hannun Birnin Kebbi?

Akwai wanda ya fi wannan muni, kuma kada kowa ya yi kamar bai sani ba. Wutar nepa ta ɗauke, sai a aiki yaro ya kwance batirin motar hukuma a kai gidan oga, a jona fanka da talabijin da cajin waya har gari ya waye, da safe a mayar. Batirin tayar da mota ba don haka aka yi shi ba. Farantansa sirara ne, an yi su don su ba da wuta mai yawa cikin ƙiftawar ido, ba don a tatse su ƙarƙaf kowane dare ba. 'Yan lokuta kaɗan za a yi masa haka ya gama yawo. Wani kuma musanya yake yi: sabon batirin motar asibiti ya koma cikin motarsa ta gida, tsohon nasa ya dawo cikin ta asibiti. Wannan sata ce, ranka ya daɗe, ko da an kira ta aro. Kuma ranar da aka ɗauko mara lafiya motar ta ƙi tashi, alhakin yana wuyanka.

Motocin aiki ma ana ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. A ƙara jiniya, a ƙara manyan fitilu a saman rufi, a ƙara oba-oba, a ƙara firijin allurai, duk a rataya a wuyan batir ɗaya, wayoyi a murɗe da hannu ko fis babu. A kashe injin a zauna ana jin rediyo ana cajin wayoyi goma. Inda aka san aiki, batir na biyu ake sa wa irin wannan mota, mai kaurin faranti da ke jure tatsa, tare da na'urar da ke raba shi da na tayarwa in an kashe injin. Ko na biyun ya ƙare, mota za ta tashi. Wanda ya iya sayen jiniya ya iya sayen wannan. Su kuma motocin da suka zo da batir biyu daga kamfani, tare ake sauya su, domin in ka haɗa sabo da tsoho, tsohon zai ja sabon su tafi kabari tare.

Masu wayarin, ku ma ku matso. Ina girmama sana'arku, kuma a cikinku akwai waɗanda hannunsu ya fi na mai digiri. Amma wa ya koya wa wasunku cire kan batir injin na aiki, wai don a gane ko altaneta na caji? A tsohuwar a-kori-kura ta zamanin da, wataƙila ka yi ka tsira. Motar yau tana da ƙwaƙwalwa, kuma batir ne ke shanye hauhawar wuta. Ka cire shi, wutar ta yi tsalle, ta ƙona altaneta ko ta ƙona ƙwaƙwalwar, gwajin kyauta ya zama asarar dubban ɗaruruwa, sannan ka dubi mai mota ka ce dama ta kusa lalacewa. Haka masu ɗaukar guntun waya su haɗa kai da kai don su ga tartsatsi. Batir yana fitar da iskar haidurojin, musamman in yana caji ko an sauke shi daga caji yanzu, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya fasa shi, asid ya wanke fuskar mai gwaji. Ko wajen jona mota da mota, ja da ja ake fara haɗawa, baƙar wayar ƙarshe kuma a jikin ƙarfen injin motar da ta mutu ake maƙala ta, nesa da batir. Mutum nawa ne ke yin haka a gareji? Kuma direban da ke danne makulli yana ta gurzar kik har wayoyi su yi zafi, ya sani daƙiƙa goma ta isa, a huta, a sake.

Duk wannan hauka da tartsatsi, wata 'yar mita ce ke maganinsa, wadda ba ta kai kuɗin ƙaramar waya ba. Mota ta kwana a kashe, ka ɗora mita da safe. Ka ga 12.6, batir a cike yake. Ka ga 12.2, rabi ya tafi. Ka ga ya gaza 12, to ya sauka, a kai shi caji yau, ba gobe ba. Ka tayar da injin ka sake aunawa: in kana ganin tsakanin 13.8 da 14.4, altaneta na aikinta. In ya gaza 13, ba ta caji, ka duba bel ɗinta, ka duba ko lakar rafin jiya ce ta cika ta. In ya haura 15, dafa batirin take yi. Baturan da aka jefar a ƙasar nan alhali altaneta ce mai laifi, Allah kaɗai ya san yawansu. A sayi sabo, bayan wata biyu shi ma ya bi sahu, a ce kayan yanzu ba su da ƙarko.

To, wani lokacin da gaskiyarsu, domin kasuwar ma ba ta da tsarki. Akwai masu tattara matattun batura su zubar da ruwan ciki, su ɗura sabon asid mai kaifi, su goge jiki, su manna takarda. Zai tayar da mota a gaban shago, ya mutu kafin a kai garin Maga. Akwai sabon gaske amma wanda ya shekara a kan kanta cikin zafi, ya tsufa tun ba a ɗaura masa waya ba. Mai saye ya duba ranar ƙira a jikinsa, ya sa a auna a gabansa, ya karɓi rasit da takardar garanti. Kuma a daina sa wa motar gas ƙaramin batir don ragin kuɗi. In littafin motar ya ce mai lamba kaza, a sa mai lamba kaza. Wanda aka ba kuɗin babba ya sayo ƙarami ya soke canjin, ya san sunansa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a Zuru ake wannan. Ƙasar da kusan kowane gida akwai kakin soja a rataye. Ƙasar marigayi Sarki Muhammadu Sani Sami, wanda ya yi gwamnan soja a Bauchi kafin ya hau karaga, ƙasar Ishaya Bamaiyi da ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direban soja ne, kuma har ya bar duniya bai taɓa murɗa makulli da safe ba sai ya zaga motarsa. Faretin farko yake kiran abin. Ya duba mai, ya duba ruwa, ya taɓa taya, ya kama kan batir ya girgiza ya ji ko ya saki. Tsohuwar motar da ya saya da kuɗin sallama ta fi ni shekaru, amma ban taɓa tura ta ba. In na yi ƙorafin muna makara, sai ya ce, "Kai yaro, ba a fafe gora ranar tafiya." Jikokin waɗannan mutane ne yau ke tuƙa motar miliyoyi ba su san inda marufin batir yake ba. Mutanen da kakanninsu suka yi golmo, saurayi ya shekara bakwai yana noma a gonar surukai kafin a ba shi mata, su ne minti goma a mako ya gagara.

Na san abin da direba zai ce, kuma ba duka ne ƙarya ba. Zai ce ya rubuta takarda sau uku ba a ba shi ko sisi ba, albashinsa bai kai wata ba, in ya sayi ruwan batir da kuɗinsa babu mai mayar masa. Gaskiya ne, kuma kunya ce ga duk ofishin da zai iya sayen mota amma ba zai iya ajiye 'yan kuɗin kula da ita a hannun mai tuƙa ta ba. Amma ɗan'uwa, goge laka ba ya bukatar boca. Ɗaure noti ba ya bukatar sa hannun darakta. Kuma ranar da motar ta mutu a daji, oga yana gida a kan katifa, kai ne a ciki.

In batirin ya gama mutuwa kuma, sai mu buɗe wani babin ɓarnar. Fiye da rabin nauyinsa dalma ce. 'Yan gwangwan suna saye, kuma don ya yi sauƙin ɗauka sai a tuntsurar da asid ɗin a kwata ko a bayan gida, inda awaki ke kiwo, yara na wasa. Wasu fasa shi suke yi da gatari su narkar da dalmar a tsakar gida. Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara bai kamata a yi mana wa'azi a kan dalma ba. A 2010 gubarta ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a 2015 kuma ta kashe 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Waccan daga dutsen zinariya ta fito, amma dalma dalma ce, jikin yaro ba ya tambayar daga ina ta zo. Wanda ta bari da rai takan taɓa masa ƙwaƙwalwa har abada. Hukumar kare muhalli ta NESREA ta fitar da dokar kula da batura a 2024, sai dai doka a takarda ba ta hana yaro tsotsar yatsan da ya taɓa ƙasar da aka fasa batir. Duk batirin da muka kashe kafin lokacinsa, ƙarin guba ne muka jawo wa unguwa. A mayar da tsoho ga mai sayar da sabo, da ruwansa a ciki, a tsaye, ba a fasa ba.

Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumominmu huɗu, da duk mai riƙe da makullin motar jama'a, ta asibiti ce ko ta sintiri ko ta coci ko ta masallaci: ku sa a rubuta lambar mota da ranar saye a jikin kowane batir da fenti, don mai musanya ya ji kunya. Ku sayi mita ɗaya da galan ɗin tataccen ruwa ku ajiye a hannun babban direba. Ku sa littafi a kowace mota, a riƙa rubuta awon batir duk ranar Litinin, wani ya duba ya sa hannu. Shugabannin ƙungiyar direbobi da na masu gyara, ku hana yaranku gwajin tartsatsi da cire kan batir injin na aiki.

Kai kuma mai karatu, in akwai irin wannan mota a gidanku ko a wurin aikinka, gobe da safe kafin a murɗa makulli ka sa a ɗaga bonet a gabanka. Ka kama batirin da hannu biyu ka girgiza. In ya motsa, kada motar ta bar Zuru sai an ɗaure shi.